Kwamfuta a Ajin Akanta: Abin da Jami'o'in Arewacin Kamaru ke Buƙata

A watan Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, ta zama ta uku a arewacin Kamaru bayan ta Ngaundere (1993) da ta Marwa (2008). Kafin nan, gwamnati ta sanar a 2016 cewa za ta raba wa ɗalibai kwamfutocin hannu 500,000. Tambayar da ta dace a yi yanzu ita ce: yaya wannan na'ura za ta ɗaga makin ɗalibin akanta?

Akanta ilimi ne da hannu ke koya. Kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, kuma tilas ɓangarorin biyu su zo daidai. A aji mai cunkoso, malami ba ya iya duba aikin kowa da kowa, ɗalibi kan ɗauki kuskure ɗaya har ɗakin jarrabawa. Manhaja kuwa nan take za ta nuna masa inda lissafi ya karkace, ya gyara, ya sake gwadawa har ya zauna masa. Nan ne amfaninta yake.

Kasuwar aiki ma ta sauya. Tun 1 ga Janairun 2018 ƙasashen ƙungiyar OHADA 17, har da Kamaru, ke aiki da sabon tsarin akanta na SYSCOHADA. Kamfani irin SODECOTON, mai hedikwata a Garwa, yana hulɗa da ɗimbin manoman auduga; mai neman aiki a irin wannan wuri dole ya iya Excel da manhajar akanta irin su Sage.

Sai dai na'ura ba ta koyar da ƙa'ida. Wanda bai san dalilin sa adadi a wannan gefe ko wancan ba, latsawa kawai zai koya. Ga kuma wutar lantarki: arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo, idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, duk da cewa tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin.

Don haka muna kira ga shugabannin jami'o'inmu: a fara da takarda da biro, sannan a shiga ɗakin kwamfuta mai wutar rana, a horar da malamai, a riƙa kwatanta sakamakon jarrabawa shekara bayan shekara domin a ga abin da ya yi amfani.