Ko Kun Sani? Dalma na Iya Canza Halin Yaro

Ko kun san cewa ƙurar da yaro ya shaƙa yana rarrafe na iya sa shi saurin fushi da gaggawa bayan ya zama matashi? Gubar dalma ke nan. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, inda a lokacin ake daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a tsakar gida, wani sa'in ma da turmin da ake daka hatsi. Waɗanda suka rayu ba su tsira duka ba. Jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke zuƙa, kuma tana illata gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke sa mutum ya dakata kafin ya aikata. Wani bincike a Cincinnati ta Amurka, da aka wallafa a 2008, ya gano cewa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun fi faɗawa hannun 'yan sanda da suka girma. Gado na da nasa kaso a halin ɗan Adam, amma kason dalma ana iya kare yaro daga gare shi. Iyaye a garuruwan haƙar ma'adinai irin na Nasarawa, a kula.