Maganin tarin fuka na gajeren zango

Maganin tarin fuka na gajeren zango tsari ne na shan magani kullum har wata 6 don kashe ƙwayar cutar da ke kama huhu. Kafin samuwar rifampicin, jinyar takan kai wata 18.

Yadda ake sha

A wata 2 na farko ana haɗa magunguna huɗu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Sauran wata 4 kuwa rifampicin da isoniazid kawai ake sha. Tarin yakan lafa cikin 'yan makonni, amma idan majinyaci ya daina sha, cutar tana iya dawowa ta ƙi jin magani. Shi ya sa tsarin DOTS ya tanadi mai sa ido a kan majinyaci.

A Najeriya

Kyauta ake bayar da maganin a cibiyoyin DOTS, har da na ƙananan hukumomin Rabah, Wurno da Goronyo a jihar Sakkwato.