Ƙarar Inji da Mai Juna Biyu: Ki Kare Kunnenki da na Ɗan Cikinki

'Yar'uwa mai juna biyu, duk ranar awo mukan tambaye ki abin da kike ci, da yadda kike barci, da ko ƙafafunki na kumbura. Yau tambayar daban ce: a ina kike wuni, kuma wace irin ƙara ce a wurin? Cikin matan da ke zuwa awo akwai masu injin markaɗe a gida, da masu aiki a wurin casar shinkafa, da masu sayar da abinci a bakin wurin gini ko wurin fasa dutse. Mazansu kuwa akwai birkiloli da leburori da direbobin tifa da katafila. Duk waɗannan suna wuni cikin ƙarar da ke cin kunne sannu a hankali, babu ciwo, babu jini.

Yadda ƙara ke kashe ji

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, in abin ya daɗe su mutu. Wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa, babu allura ko ƙwayar da za ta dawo da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar da muke yi da juna ba ta wuce desibel 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ce iyakar abin da kunne zai ɗauka shi ne desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal.

Ba sai kina da na'urar awo ba. Idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye kusa da ke, nisan tsawon hannu, ta ji ki, to ƙarar wurin ta kai mai cutarwa. Haka nan idan kin bar wurin kina jin kunnenki yana ƙugi ko ya yi dum, gargaɗi ne. Masu cewa "ai ni na saba, ba ta damuna" su sani kunne ba ya sabawa da ƙara. Jin ne ya fara raguwa.

Ɗan cikinki ma yana ji

Kunnuwan jariri suna haɗuwa wajen sati na 20 na ciki, daga wajen sati na 24 kuma yakan motsa idan ya ji sauti. Jikinki da ruwan mahaifa suna rage masa ƙara, amma ba duka ba. Sauti mai kauri, irin rugugin babban janareta ko katafila, shi ya fi ratsa jiki ya isa gare shi.

A shekarar 2016 an wallafa wani bincike daga ƙasar Suwidin a kan yara fiye da miliyan 1.4. An gano cewa matsalar ji ta fi yawa ga yaran da iyayensu mata suka yi aikin cikakken wuni a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 ko fiye, lokacin da suke da cikinsu. Wannan ba ya nufin wucewa ta gefen inji sau ɗaya zai kurumtar da ɗanki. Abin gudun shi ne wuni a wurin kullum, wata da watanni.

Ki riƙe wannan da kyau: abin toshe kunne yana kare ki ne ke kaɗai. Ɗan da ke ciki babu mai toshe masa nasa. Kariyarsa ita ce nisa da rage lokaci. A fili, duk sanda kika ninka nisanki daga inji, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Don haka:

1. Ki kafa teburin abincinki nesa da injin kwaɓa siminti da janareta, kuma ba a hanyar da motoci ke bi ba.
2. Kada ki jingina cikinki ko bayanki da inji yana aiki, domin girgizar tana shiga jiki kai tsaye.
3. Idan markaɗe ne sana'arki, ki sami mai karɓarki, musamman daga wata na biyar. Ki tara markaɗen a yi shi lokaci guda, a kashe injin tsakani.
4. Idan aikin albashi kike, ki gaya mana a wurin awo don likita ya rubuta miki takardar neman a sauya miki wurin zama.

Toshe kunne yadda ya kamata

Auduga ko tsumma ko ƙyallen takarda ba sa tare ƙarar inji. A nemi ainihin matoshin kunne na soso ko na roba, ko marufin kunne mai rufe kunnen gaba ɗaya, a wurin masu sayar da kayan kariya na ma'aikata. Na soson ga yadda ake sa shi: a wanke hannu, a murza shi ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura shi, a riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Idan ya yi datti a sauya. Mai ciwon kunne ko mai fitar da ruwa ya fara ganin likita tukuna.

Kunne a toshe, ido a buɗe

Maigida, wannan sashen da kai muke. Ka sa matoshin kunne duk lokacin da inji ke aiki, amma ka tuna wurin da ƙara ta yi yawa ba a dogara da kunne. Direban tifa ko katafila yana zaune can sama, akwai wurare a bayansa da gefensa da ba ya gani ko ta madubi. In ba ka ga fuskarsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka ratsa sai kun haɗa ido ya yi maka alama da hannu. Kada ka tsaya a bayan mota mai ja da baya, ko inda hannun injin haƙa ke juyawa, ko ƙarƙashin kayan da aka ɗaga sama. Ka sa hular kwano da riga mai ƙyalli. Sauraren waƙa ko amsa waya a tsakiyar aiki ganganci ne, abin jin waƙa kuma ba matoshin kunne ba ne. Kwanciya a inuwar babbar mota lokacin hutu ya ci rayuka, a guje shi.

Ke ma 'yar'uwa, ciki ya sa jikinki nauyi, ga jiri wani lokaci, ba za ki iya kaucewa da sauri kamar da ba. Idan kin kai abinci, ki tsaya a bakin ƙofa a zo a karɓa. Kada a tura yara talla cikin wurin gini. A gaban injin markaɗe ko na niƙa kuwa, ki naɗe hijabi da mayafi da bakin zane sosai. Bel ɗin inji idan ya kama tufa yakan ja har da gashi da fatar kai cikin ƙiftawar ido. A yi wa bel ɗin murfi, kada kuma a taɓa shi sai inji ya tsaya cak.

Bayan kin sauka

Kada ki tsaya a gaban inji da goyo a bayanki, kunnensa bai kai naki ƙwari ba. Ki tambayi ma'aikatan ɗakin haihuwa inda ake gwajin jin jarirai. An fi so a yi shi cikin wata na farko, ba ya ciwo, ana yi ma jariri yana barci. A gida ki lura: jaririn da bai kai wata 3 ba yakan firgita idan an yi ƙara, zuwa wata 6 yana juyawa wajen da sauti ya fito, daga nan ya fara gwaranci. In ba ki ga haka ba, ko ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, ki kawo shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kada ki jira a ce nauyin baki ne. Yaron da aka gano matsalarsa aka fara taimaka masa kafin wata 6 ya fi samun damar koyon magana daidai da tsaransa.

Maigidan da ya fara yawan cewa "me kika ce?" ko yake ƙure muryar rediyo, shi ma a rako shi a gwada jinsa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare wanda ya rage. Ranar awo mai zuwa, ki gaya wa ungozomarki irin aikin da kike yi da inda kike wuni. Muna yi miki fatan sauka lafiya.