Mitar Awon Wuta Ta Hannu: Lissafin Da Mai Gyaran Waya Zai Yi Kafin Ya Biya

Matashin da ya buɗe rumfar gyaran waya a Wurno, Rabah ko Goronyo ba ya daɗewa zai fara sha'awar babbar mita, irin Fluke 87V ko HP 34401A ta kan tebur mai nuna lamba shida da rabi. Sabuwar mita ta wannan ajin ta fi ƙarfin aljihu, shi ya sa ido ke komawa kan ta hannu da ake tallatawa a Jiji da Facebook.

Matsalar ita ce mita na iya kunnuwa lafiya lau alhali ƙarya take faɗa. Yayin da kayan cikinta ke tsufa, awonta na karkacewa a hankali, kuma daidaita shi sai a ɗakin gwaji mai na'urori na musamman. Idan aka haɗa kuɗin aikawa, ladan aiki da makonnin da rumfa za ta yi ba mita, arhar ta tafi.

Amma ba kowace illa ce abin gudu ba. Wayoyin awo da suka tsinke, batir da fis duk ana canza su. Fluke 87V na amfani da fis biyu, na 440mA da na 11A, kuma dole a sa irinsu. Masu ɗaura zaren waya a gurbin fis da ransu suke wasa. Wadda allonta ya dusashe ko ta ƙone daga ciki kuwa, gara a bar wa mai ita, don kayan gyaranta sai an yi oda daga waje.

Ta kan tebur tana da nata tarkon. Yawancin masu zuwa daga Amurka an saita su a 120V, wutar Najeriya kuwa 230V ce. HP 34401A na da wurin sauya wannan a bayanta, kuma wanda ya jona bai duba ba zai iya ƙona ta tun ranar farko.

Kafin biya, mai saye ya gwada ta kusa da wata mitar da ya yarda da ita, a kan batirin waya ɗaya. Cikakken batir yakan nuna tsakanin 4.2V da 4.4V, ya danganta da irinsa. Don wannan aikin, da neman inda wuta ta haɗe a injin waya, sabuwar ƙaramar mita mai ƙara idan layi ya haɗu ta wadatar, ragowar kuɗin kuma ya tafi ga na'urar ba wa waya wuta da kan-wuta mai kyau.