Ƙaton "Sauron" da Ba Ya Cizo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, da damina idan muna tilawa da dare, wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu kan shigo ya yi ta karo da fitila. Nan take sai ihu: "Ga uban sauro!" Kowa ya rarumi takalmi. To, mun bincika, ashe ba sauro ba ne, kuma ba ya cizo.

Masana suna kiran danginsa Tipulidae. Da shi da sauro da ƙuda duk rukuninsu ɗaya, wato masu fiffike biyu. A bayan fukafukansa akwai wasu 'yan ƙulalai biyu kamar kan allura, su ke daidaita masa tashi. Bakinsa ba ya iya huda fata. Da yawa cikinsu ma idan sun girma ba sa cin abinci, sai dai su lashi ruwa ko zaƙin fure. Kwanaki kaɗan suke yi, su yi ƙwai, su mutu.

Yawancin rayuwarsa yana tsutsa ne, cikin ƙasa mai damshi, ko ruɓaɓɓen ganye, ko bakin rafi. Tsutsar tana cin ruɓaɓɓen ganyen ta mai da shi taki, ita kuma tsuntsaye da kifi su cinye ta. Shi ya sa muka fi ganinsa bayan ruwa ya sauka.

An san iri fiye da 15,000, kuma suna kusan ko'ina a duniya inda akwai laima. Wani masani ɗan Amurka, Charles Alexander, shi kaɗai ya raɗa wa fiye da 10,000 suna. A Ingila tsutsar wani irinsu kan cinye saiwar ciyawa har ta ɓata makiyaya.

Abin tsoron kuwa ɗan ƙarami ne: macen sauron Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wadda ke cizo cikin dare. Kun ga ke nan, girman jiki ba shi ne haɗari ba. Mu rufe randunanmu, mu cike kududdufai, mu kwana cikin gidan sauro. Shi kuwa mai dogayen ƙafafu, a buɗe masa taga ya fita. Kada a kama shi da ƙafa, don nan da nan take cirewa.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.