3.4 Koya wa Yara Harbin Faifai da Harsashi Mara Ƙarfi

A wannan sashe za a dubi yadda ake fara koya wa yara harbin faifai a Ingila da Amurka. Faifan da na'ura ke cillawa sama faɗinsa milimita 110 ne, kuma ko da yake ana kiransa na yumɓu, da kwalta da farar ƙasa ake yin sa.

Babbar matsalar yaro ita ce dukan da gindin bindiga ke yi wa kafaɗa. Idan ya sha zafi tun ranar farko, sai ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. Don haka ake rage ƙwayoyin dalma da ke cikin harsashi, wato daga giram 28 zuwa 24 ko 21. Wasu iyaye kan ɗauka ƙaramar bindiga ce mafita. A ganin mai wannan nazari, ba haka abin yake ba. Bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa in harsashin ɗaya ne, sannan ƙaramar nan mai lamba .410 ƙwayoyinta kaɗan ne, yaro zai yi ta kuskuren faifai har ya karaya.

Bugu da ƙari, dokar Birtaniya ta 1968 ta hana wanda bai kai shekara 15 ba riƙe irin wannan bindiga sai da kulawar mai shekara 21 ko fiye. Malami kan sa harsashi ɗaya tak, ya tsaya dab da bayan yaron, bayan an toshe masa kunne an sa masa tabarau.