Nisan Tafiya a Jirgin Sama Daga Katsina Zuwa Jidda

Maniyyacin da ya fito daga Gangara ko Jibiya, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, yakan hau jirgi ne a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Daga nan zuwa Jidda, wato daga nahiyar Afirka zuwa ta Asiya, akwai tazarar kimanin kilomita 3,500. Jirgin fasinja kuwa yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a cikin awa guda. Idan aka raba, za a sami awa huɗu da 'yan mintoci, sai kuma a ƙara lokacin tashi da na sauka.

Ta yaya ake samun wannan adadi? Duniya a dunƙule take, don haka layin da aka ja da rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira yakan yaudari mai awo. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya kawo ƙwallon taswirar duniya cikin aji, ya ɗora zare a kan Katsina, ya ja shi tsam zuwa Jidda, sannan ya gwada tsawon zaren a kan layin ikwaita. Zai sami digiri 31 da ɗoriya, kowane digiri kuma kimanin kilomita 111 ne. Ɗalibai za su ga zaren ya ratsa kudancin Nijar da Chadi da Sudan, kafin ya tsallake Bahar Maliya.

Sai dai jirgi ba kullum yake bin zaren ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jiragen alhazai suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru, har kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin kuɗi.

Wani abin da kan rikita ɗalibai shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na safe, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai tarar agogon Jidda ya nuna huɗu da rabi na yamma, alhali nasa yana kan biyu da rabi. Bambancin na agogo ne kawai, bai shafi nisa ba.

Wannan tazara ce mutanen da suke yi a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, har zuwa gaɓar teku a Suwakin. Wasu sukan shekara da shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno.